Mai ciki mai jiki: a daina yi mata nasiha ita kaɗai

A Katsina idan yarinya ta yi wata shida a ɗakinta ba ta murje ba, dangi za su fara tambayar ko lafiya. Idan kuwa ta ciko, kumatu suka fito, zobe ya matse yatsa, sai a ce ta samu wuri, miji na riƙonta da kyau. Da wannan idon muke kallon ƙiba, shi ya sa idan irin wannan matar ta samu juna biyu babu wanda gabansa ke faɗuwa. Ramammiya ake tausayi. Mai jiki ana ganin ai ta riga ta tanadi ƙarfin naƙuda. Likitocin mata sun san ba haka abin yake ba, ungozomomin asibiti ma sun sani, kuma suna faɗa bakin ƙoƙarinsu. Damuwata ita ce wadda suke faɗa wa ba ita ke da iko da cefane ba, ba ita ke da iko da ƙofar gida ba. Matuƙar maigida da uwar miji da uwar da ta haife ta ba su ji bayanin da kunnensu ba, nasihar ranar awo a harabar asibiti take kwana.

Na san za a ce, a jihar da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa tun 2021, jihar da 'yan bindiga suka raba mutanen Batsari da Safana da Jibiya da gonakinsu, wa ke da lokacin zancen ƙiba? Gaskiya ne yunwa ce babbar masifarmu, ban kuma zo in rage mata girma ba. Sai dai binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 12 kuma ramammu ne. Mu nan Arewa maso Yamma ba mu kai Kudu yawan masu ƙiba ba, amma duk wadda ta zauna gidan biki a unguwar Layout ko Ƙofar Kaura ta san suna nan da yawa. Kuma ƙiba ba shaidar cin abinci mai gina jiki ba ce. Mace na iya kai kilo 95 a auna jininta a ga ya yi ƙasa, domin abin da talaka ya fi iya saye shi ne mai cika ciki: taliya da manja, shinkafa da mai da yaji, fanke, lemon kwalba. Wancan binciken dai ya ce kashi 58 na matan ƙasar nan na da ƙarancin jini, kuma masu jiki na cikinsu.

Ƙibar da likitoci ke nufi ba ta kallon ido ba ce, lissafi gare ta. Ana auna tsawon mace da mita, a ninka shi da kansa, a raba nauyinta na kilo da abin da ya bayar. Idan amsar ta kai 30 an shiga ƙiba. Mace mai tsawon mita 1.6, wato matsakaiciya a cikinmu, da zarar ta kai kilo 77 kafin ciki ta shiga sahun. Mata da yawa da muke ce wa "mai jiki ce kawai" suna ciki ba su sani ba.

A 2009 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ƙasashe da dama ke aiki da ita har yau. Mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon cikinta. Wadda ta ɗan haura ta ƙara 7 zuwa 11.5. Mai ƙiba kuwa kilo 5 zuwa 9 kacal, in dai ba tagwaye take ɗauke da su ba. Bayan wata ukun farko, kusan kilo ɗaya ke nan a wata. In aka bi inda wannan nauyin ke tafiya za a ga babu wata rara: jaririn kansa kilo uku ko uku da rabi, mabiyiya sama da rabin kilo, ruwan da yake kwance a ciki kusan kilo guda, mahaifa ta ƙara kusan kilo guda, jini ya ƙaru da fiye da lita ɗaya, ga nono da ya cika. Ramammiya na buƙatar tara kitse saboda shayarwa. Mai ƙiba ta riga ta zo da ajiyarta.

Me ya sa aka tsananta haka? Ciki da kansa yana sa jiki ya rage jin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, domin mabiyiya na fitar da wasu sinadarai da ke tare sukarin saboda jariri ya samu rabonsa. Mai ƙiba sau da yawa ta shigo da wannan matsalar tun kafin ciki, sai biyun su haɗu, a samu ciwon sukarin masu juna biyu. Sukarin ya ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, ya yi ta tara jiki a kafaɗa da tumbi. Mu a gida sai guɗa, an haifi ƙato, tubarkalla. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ita ta san abin da ta gani: kai ya fito kafaɗa ta maƙale, an yi ƙari, jini ya ɓalle, ko kuma an garzaya ɗakin tiyata da tsakar dare. Shi kansa jaririn, da zarar an yanke cibi sukarinsa na iya faɗuwa, a ga yana kasala ya ƙi kama nono. Ga hawan jinin ciki wanda ke kai wa ga jijjiga, cutar da ke cikin manyan masu kashe mana mata wajen haihuwa. In ta kai ga tiyata ma, allurar baya ta fi wuyar shiga ga mai jiki, ɗinki ya fi saurin yin ruwa, jini ya fi saurin yin guda a jijiyar ƙafa. Yawancin masu ƙiba suna sauka lafiya, wannan ma gaskiya ne kuma dole a faɗa musu don kada tsoro ya kashe su. Amma a jihar da akasarin mata a gida suke haihuwa, kafaɗar da ta maƙale a ɗakin ƙauye da ƙarfe biyun dare ba ta jiran a nemo mota.

Kwanakin baya na je duba 'yar wata ƙawata da ta zo goyon ciki gidansu a cikin birni, cikin fari, wata bakwai. Yarinya ce mai jiki tun tana budurwa. Da hantsi na tarar an ajiye mata kwanon waina da miya, ga kunun gyaɗa an zuba sukari har ludayi na karce shi a gindin kofi, ga kwalbar malt da gwangwanin madara a gefen katifa suna jiran azahar. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Ta dube ni ta ce, "Gwaggo, wallahi na ƙoshi, a asibiti ma an ce in rage kayan zaƙi." Uwar ta leƙo daga madafa ta ce, "Rabu da su, ɗiyata. Ke da ke ci ma mutum biyu? Mu da mi muka haife ku?" Da yarinyar ta miƙe za ta ɗauki tsintsiya sai aka karɓe, aka ce ta kwanta kada ta wahalar da abin da ke cikinta. Babu mugunta ko ƙwaya ɗaya a gidan nan. So ne tsantsa, daga uwar da ba a taɓa zaunar da ita an yi mata bayani ba. Yarinyar ta ji abin da aka faɗa mata a asibiti, ta kuma riƙe. Amma wace ɗiya ce za ta ture kwanon da uwarta ta ajiye mata?

Tambayar uwar nan ta cancanci amsa, domin tambaya ce mai kyau. Iyayenmu sun haife mu ne suna surfe da daka, suna niƙa a dutse, suna jan guga, suna tafiya ƙafa daga Rafin Daɗi zuwa Ƙofar Sauri barka ko gaisuwar mutuwa. Tuwonsu na dawa ne da gero, furarsu da nono, sukari sai da dalili. Yau injin markaɗe ya karɓi turmi, mai ruwa ya karɓi guga, Keke Napep ya karɓi ƙafa. Ban yi baƙin cikin sauƙin da aka samu ba, wahalar da suka sha ta isa. Amma an cire motsin an bar cin, an kuma ƙara masa lemo da farar shinkafa da biredi, sannan ana sa ran jiki ya yi abin da na kakanni ya yi.

Zancen ci na mutum biyu ma ba shi da tushe. A wata ukun farko babu ƙarin abincin da jiki ke nema. A wata uku na tsakiya, a lissafin Amurkawa, ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 340 ne a rana, a na ƙarshe 450. 'Yan Ingila ma cewa suka yi 200 kawai, a wata ukun ƙarshe. Kofi ɗaya na nono, dafaffen ƙwai biyu da cikin tafi na gyaɗa sun biya mafi girman adadin nan, ba sai an ƙara malmalar tuwo ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne malt da madara. Ko'ina ka shiga za ka ji ana cewa ƙarin jini ne, maigida ya sayo katan guda yana ganin ya sauke nauyi. Malt ruwan sukari ne. Lemon kola na ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100, wato gorar rabin lita ta kai giram 50, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce a yini guda. Abin da ke ƙara jini sinadarin ƙarfe ne, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin da ake bayarwa ranar awo tare da 'yan ƙananan na folik asid, da kuma nama, kifi, wake da ganye. Mata da yawa suna tura ƙwayoyin nan ƙarƙashin katifa don tsoron kada jariri ya yi girma ya ba su wuya. Ƙwayar ba ta sa jariri ya yi ƙato. Sukarin da ke yawo a jinin uwa ne ke sawa.

Kakanninmu sun hango wani abu a nan. Suna hana mai tsohon ciki shan rake da zuma da duk abin da ya cika zaƙi, suna cewa zai taru ya tsawaita naƙuda. Bayaninsu ba irin na likita ba ne, amma hanin ya dace. Mu sai muka yar da hanin muka riƙe jiƙon: a sha lemo wata tara, in haihuwa ta kusa a nemo maganin zaƙi a gora, wanda babu wanda ya san abin da ke ciki ko yawan da ya kamata a sha. Da uwaye za su dawo da hanin su bar gorar, da rabin aikin ya ƙare.

Gyaran abincin bai buƙatar kayan kanti ko kaɗan, kuma wannan ne ya sa nake ganin muna da dama. A rage girman malmala, a ƙara miya mai ganye: kuka, kuɓewa, alayyafo, yakuwa, kabewa. Tuwon dawa ko na gero ko na alkama ya fi farar shinkafa da fulawa riƙe ciki, kuma bai ɗaga sukari da sauri kamarsu. Kwaɗon zogale ko na rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli, dambun zogale, alale, wake da ɗan manja, awara idan ba a tsoma ta a mai ba, duk namu ne. Fura da nono ba laifi, sukarin da ake zubawa ne laifin. Zoɓo da kunun aya ma haka. Idan kwaɗayi ya taso, ga yalo, gurji, karas, goba, lemon zaƙi a ci shi da ɓargonsa maimakon a matse. A sassauta gishiri da dunƙulen magi da kanwa. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya fi a zauna da yunwa har dare a cika kwano. Amma duk wannan, wa ke zuwa kasuwa? Wa ke cewa yau ga abin da za a dafa? A gidan da ake tukunya ɗaya da kishiyoyi ko da uwar miji, mace ba ta isa ta ce a canza tuwo saboda ita ba, sai in maigida ne ya faɗa.

Kuma kada a fahimce ni a baibai. Ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. Babu horon yunwa, babu shayin rage tumbi, babu jiƙon da ake tallatawa a TikTok. Abin da ake nema shi ne nauyin ya hau a hankali cikin iyaka. Wadda aka samu da sukari ko hawan jini kuma, batun azumi ta yi shawara da likita, addini ya riga ya ba mai ciki rangwame.

Sai motsa jiki, inda maganar ta fi tsauri a garinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce mai ciki lafiyayya ta samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Ba gudu ba, ba tsalle ba. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda numfashi zai ɗaga amma tana iya magana. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti goma, ta riƙa ƙarawa. Tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci tana taimakawa sosai wajen sauke sukari. A zafin Katsina na Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, sai da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a hannu. Wadda ke zubar jini, ko faya ta fashe, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, ko mabiyiya ta sauko ƙasa, ko hawan jininta ya yi tsanani, ko tana da ciwon zuciya, wannan ba da ita ake ba sai likita ya yarda. Duk wadda ta ji jiri ko ciwon ƙirji ko ta ga jini, ta tsaya ta nufi asibiti.

To ina za ta yi tafiyar? Mai babban tsakar gida ta zagaya, ta yi shararta da wanke-wankenta, kada a karɓe mata tsintsiya. Amma gidajen haya na yanzu, ɗaki da falo da ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, babu inda za a zagaya. Mace kuma ba ta fita sai da izini, in ta fita ita kaɗai da ciki tana zagaya layi, kafin ta dawo an kai labari. A nan maigida kaɗai ne mafita. Ya dawo daga masallacin asuba ya ce ta sa hijabinta su taka zuwa ƙarshen layi su dawo. Wanda ke jin nauyin a gan shi ya tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Wanda ya fi kowa kunya da daraja ya yi gudu da matarsa. Takawa a hankali da mace mai ɗauke da ɗanka ba abin da zai rage maka.

Ba zan yi alkawarin da ilimi bai yi ba. An gwada wannan shawara a kan dubban mata. A Birtaniya wani bincike mai suna UPBEAT da aka wallafa a 2015 ya bi mata masu ƙiba 1,555, aka koya wa rabinsu gyaran abinci da motsa jiki. Sun gyara cinsu, nauyin da suka ƙara ya ragu da kusan rabin kilo, amma ciwon sukarin ciki bai ragu ba. A 2017 aka tattara gwaje-gwaje 36 da suka ƙunshi mata sama da 12,500, aka ga ragin nauyin bai kai kilo ɗaya ba, yawan tiyata kuma ya ɗan sauka. Amfanin na nan amma ba mai yawa ba ne. Abu biyu na fahimta daga wannan. Na farko, gyaran abinci bai maye gurbin awo da gwaji. Mai ƙiba ta fara awo tun cikin wata ukun farko, ta cika zuwa takwas ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2016, a yi mata gwajin sukari tsakanin mako 24 da 28, ta kuma haihu a asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata. Idan nauyi ya hau farat ɗaya, fuska da hannu suka kumbura, kai na sara, ido na ganin dishi-dishi, wannan ba ƙiba ba ce, alamar hawan jini ce, a ranar za a tafi. Na biyu, wadda aka samu da sukari ko hawan jini saboda jikinta, kada a ɗora mata laifi a ce ci ne ya yi mata yawa.

Ma'aikatan asibiti ma ina da roƙo gare su, na kuma san yawan matan da ke layi ya fi ƙarfinsu. Na sha ganin a hau da mace sikeli, a rubuta lamba a kati, a ce ta sauka, ba a auna tsawonta ba, ba a gaya mata ko lambar ta yi daidai ko ta wuce ba. Na taɓa jin an ce wa wata a gaban jama'a, "Ke kuma da wannan jikin ta ina za ki haihu?" Matar ba ta sake komawa awo ba. A auna tsawo a zuwan farko, a rubuta mata a kati da Hausa iyakar kilon da za ta ƙara, a nemi babban maɗaurin awon jini domin ƙarami a kan kaurin dantse yana ba da lamba sama da gaskiya. Sannan ko sau ɗaya ne a ce ta zo da mijinta ko uwarta ko uwar mijinta, a yi bayanin a gabansu. Malaman Islamiyyar matan aure da limaman Juma'a da gidajen rediyonmu su ma suna isa inda nas ba ta isa.

Mafi yawan aikin kuma kafin ciki yake da bayansa. Mu ne ke ɗura wa amarya sha-ka-fashe don ta ciko kafin biki, alhali cikin waɗannan ƙwayoyi akwai irin su dekzametazon da ke ɗaga sukari da hawan jini. Mu ne ke zaunar da mai jego kwana arba'in da kunu mai sukari da ƙauri da soye-soye ba tare da duba wace ce ke buƙatar ƙari wace ce ba ta buƙata ba. Kafin ta sauke kilon wancan cikin wani ya shiga, haihuwa biyar ta ƙara kilo ashirin, gwiwa ta fara ciwo tana da shekara talatin. Tazarar shekara biyu kafin wani cikin, wadda likitoci ke shawarta kuma ta yi daidai da shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata, ita ce lokacin da mace za ta iya rage nauyi ba tare da fargaba ba. Wadda aka samu da sukarin ciki kuwa, ko ta ji garau, a mayar da ita gwaji da zarar an yi arba'in, a kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, domin tana cikin waɗanda ciwon sukari na dindindin ya fi kamawa daga baya. Maigida ya sa kuɗin wannan gwajin cikin lissafin hidimar suna tun ranar da zai je sayen rago.